Godiya ga garejin da ya gano inda tsohuwar motata ke zubar da mai

Assalamu alaikum, Maigida, tare da duk ma'aikatan garejinka.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne domin godiyar da na yi muku a baki ranar da na karɓi motata ba ta ishe ni ba. Ina so masu riƙe da tsofaffin motocin shiga daji irin tawa su san cewa har yanzu akwai inda ake duba mota da ilimi da haƙuri.

Motar Land Rover ce, samfurin Series III, irin wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, mai injin fetur lita 2.25. Na daɗe ina burinta. Tun makon da na saye ta warin fetur ya addabe ni: in na buɗe ƙofa da safe sai ya buge ni, in na yi tafiya na tsaya sai in tarar da ɗigo a ƙarƙashinta. A gajeren samfurin wannan mota, irin tawa, tankin, mai cin kusan lita 45, yana ƙarƙashin kujerar gaba ne ta ɓangaren dama, wato mutum a kansa yake zaune. Wanda ya san haka ba zai yi barci mai daɗi ba. Na daina ɗaukar yara a cikinta, na daina ajiye ta kusa da ɗaki.

Kafin in zo wurinku na sha yawo. Wani ko durƙusawa bai yi ba, ya shinshina kawai ya ce tanki ya mutu, in nemo sabo. Wani ya shafa gam a inda ya ga danshi, ya ce in tafi an gama, kafin in isa gida gam ɗin ya jiƙe. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya yi dariya ya ce ai tsohuwar mota dole ta yi warin mai, in saba da shi. Yaya za a ce wa mutum ya saba da abin da tartsatsi ɗaya zai iya mayar da shi toka?

A wurinku, dattijon makaniken nan mai furfura ne ya karɓe ni, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Bai taɓa sifana ba sai da ya yi mini tambayoyi. Yaushe warin ya fi ƙarfi, in tanki ya cika ko in ya yi rabi? In inji na aiki ko in an kashe? Ya bayyana mini cewa yoyon da ke fitowa sai an cika tanki yana nuna saman tankin ne ko tiyon da ke bakinsa, wanda kuwa ke fitowa in inji na aiki yana tsakanin famfon mai da kafireta (na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji), inda man ke da matsi. Ya sa aka tura motar fili inda iska ke kaɗawa, ya cire kan batir, ya ajiye abin kashe gobara kusa da shi. Ya ce tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ba ya yarda a duba irin wannan a kan rami.

Sai ya wanke layin man gaba ɗaya, ya bari ya bushe, ya barbaɗa masa farar hoda. Famfon man wannan inji yana da ɗan hannu da ake dannawa a turo mai ba tare da an tayar da mota ba. Ya yi ta dannawa yana kallo. Ya ce, "Alhaji, inda mai ke ɗiga ba nan ne yake fita ba, bin ƙarfe yake yi. Mu wuri mafi tsayi da ya jiƙe muke nema."

Ashe wurare uku ne. Gaskit ɗin da ke ƙarƙashin ma'aunin mai a saman tanki, wato abin da ke toshe mahaɗar don kada mai ya fita, ya bushe ya tsattsage, shi ne warin da ke cika cikin mota. Tiyon robar da ke shiga kafireta kuma ya rube daga ciki ko da yake a waje lafiya lau yake, ya yanka shi ya nuna mini da idona. Ya ce fetur ɗin da ake gaurayawa da sinadarin etanol yana cin tsohuwar roba, kuma wannan tiyon ne ya fi ba shi tsoro, domin kafiretar a saman bututun hayaƙin inji take, inda zafi ya fi yawa. Na ukun ban taɓa zaton sa ba. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya ga ya haura alama, ya miƙo mini in shinshina: fetur ne zalla. Fatar da ke cikin famfon ta huje, fetur na gangarawa cikin inji yana tsinka baƙin mai. Da na ci gaba da hawa a haka, da inji ne zai tafi, ba tare da ɗigo ɗaya ya nuna a ƙasa ba.

Tankin kuwa, da aka ce ya mutu, ya duba ƙasansa inda laka ke taruwa tsatsa ta kama, ya ce da sauransa. An canja abin da ya kamata, an juye baƙin mai da matatarsa, aka ba ni tsofaffin kayan a leda.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan aiki ya zama abin mamaki. Yawancin masu gyara yanzu in babu inda za su jona na'urar kwamfuta ta faɗa musu laifin mota, to sai canke. A cire wannan a saka wancan, mai mota ya biya, in bai yi ba a sake cankar wani. Ana ɗaura tiyon ruwa a layin fetur, ana ɗaure shi da waya a maimakon kilif, har akwai masu kusantar tanki da wutar walda don kawai an zazzage man da ke ciki, alhali tankin da babu mai amma cike da tururi shi ne ke fashewa. Yaran da ke koyo a irin waɗannan wurare abin da suka gani shi za su ɗauka.

Na lura dattijon nan yana kiran yaransa biyu su zo su ga kowane mataki, yana sa su faɗi dalili kafin ya faɗa. Don Allah, Maigida, ka riƙe shi da kyau, ka kuma isar masa da gaisuwata. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara buɗi. Zan dawo da motar wata mai zuwa a duba mini birki kamar yadda ya ba ni shawara.

Naku,
Mai tsohuwar Land Rover