Amsa ga Shugaban Kulob ɗin da Ya Tambayi Nawa Aka Ba Ni

Assalamu alaikum Alhaji, ko in ce Onarabul, tunda na ji yaranka sun fara kiranka haka tun ba a kaɗa gangar zaɓe ba.

Ban samu zuwa taron ƙofar gidan Dagaci ba, domin ina kwance da ɗinki a ƙeya. Amma maganarka ta iso ba ragi, yaranka kuma sun ɗora ta a Facebook har 'yan uwana na Ringim da Kano suna bugo mini waya. Abu uku ka tambaya a bainar jama'a: wa ya ba ni takardar alƙalancin wasa, nawa 'yan ƙetaren rafi suka ba ni na busa fenareti, sannan in ina da gaskiya me ya sa na gudu na bar fili.

Ta takarda ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Shekara uku a jere kai kake aiko babur a ɗauko ni daga makaranta. Bara da kuka ɗauki kofi, a hannuna kuka ɗauka, ban ji ka nemi takarda ba, har hoto ka ja ni muka yi.

Kuɗi kuwa, e, an ba ni. Naira dubu uku da fiyawata biyu, daga hannun kwamitin da kai ne ma'ajinsa. Abin da na biya a asibiti ya ninka wannan. Idan da mai sayena ne, ai da kai ka fi kowa ƙarfin saye a garin nan.

Me na busa? Saura minti kaɗan a tashi, ana ɗaya da ɗaya, ƙwallo ta wuce golanku za ta shiga raga, ɗan bayanku ya sa hannu biyu ya tare ta a kan layi. Doka ta 12 a cikin dokoki 17 na ƙwallon ƙafa ba ta bar wa lafari zaɓi ba a nan: fenareti da jan kati. Ka san wannan sarai. A 2010, daren da Luis Suarez na Uruguwai ya yi wa Ghana irin wannan a gasar kofin duniya a Afirka ta Kudu, benci ɗaya muka zauna da kai a gidan kallo. Aka kore shi, Asamoah Gyan na Ghana ya buga fenaretin ya ɗirka wa ƙarfen raga. Kai ka fi kowa tsine wa Suarez a daren nan. Yanzu hannun ya zama na yaronka, sai doka ta koma cin hanci?

To, mu zo ga gudun, domin ita ce ta hana ni barci.

Na gudu, Alhaji. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Filinmu ba shi da waya, ba shi da katanga, da toka muke ja masa layi, 'yan kallo kuma kan tokar suke tsayawa. Ban gama cusa katin a aljihu ba na ji an shaƙe ni da igiyar usur ta baya. Wani ya watsa mini ƙasa a ido. Yaron da yake ɗaga mini tuta, ɗan aji biyar na sakandare, da sandar tutarsa aka doke shi. Da na faɗi na waiwaya, wanda ke riƙe da gorar yaro ne da na koya wa haɗa baƙi a aji biyu, na taɓa saya masa fensir da kuɗina. Muka haɗa ido, bai fasa ba. Mai shayin bakin fili ne ya ja ni cikin rumfarsa ya tura benci ya tare ƙofa, Allah ya saka masa.

Kai kana ina? Kana kan farar kujerar roba, tsakaninmu bai kai tazarar bugun fenareti ba. Tun hutun rabin lokaci nake jin muryarka kana cewa "an saye shi, an saye shi." Yaro ɗan shekara sha shida da ya ji mai saya masa riga da takalmi yana faɗin haka, me kake zaton zai yi? Ba ka ɗaga hannu ka doke ni ba, na shaida. Amma ba ka ɗaga shi ka hana ba.

Wataƙila kana ganin na cika raki. A Disambar 2012, a garin Almere na ƙasar Holan, wani magidanci mai shekara 41 ya ɗaga tuta kyauta a wasan yara, ɗansa ma yana cikin masu bugawa. Bayan an tashi samari suka rufe shi da duka, washegari ya cika. A ƙarshen makon da ya biyo baya aka soke duk wasannin 'yan sa-kai na ƙasar. Shi bai samu rumfar mai shayi ba. A Turkiyya kuma, a Disambar 2023, shugaban kulob ɗin Ankaragucu, Faruk Koca, ya shiga fili ya naushi alƙalin wasa Halil Umut Meler. Aka dakatar da gasar ƙasar, aka haramta masa harkar ƙwallo har abada. Can shugaban kulob ake tuhuma. A nan shugaban kulob ne yake tsayawa gaban Dagaci yana tuhumar mai ɗinki a ka.

Kuma wannan ba a fili kaɗai ta tsaya ba. Duk mai neman kujera yanzu sai ya sa kofi. A buga riguna da hotonsa, a ɗauko makaɗa da lasifika, a yanka rago ranar wasan ƙarshe. Amma igiyar da za a kewaye fili da ita, da 'yan sintiri huɗu da za a ba na goro su tsaya, sai a ce kuɗi sun ƙare. Ana caca a kan wasan yara a gefen fili, kowa ya sani, an yi shiru. Ana sayar da ƙwaya bayan turken raga, an yi shiru. Yaran nan da safe a gabana suke zaune, kuma na fara ganin irin wannan kallon a aji idan na ce wa yaro bai ci jarrabawa ba. Sai uba ya zo har ofishin hedimasta yana tambayar wa ya ba ni izini.

Mahaifin mai gorar ya zo gidana da dare, shi da ƙanensa, da goro a leda. Tsohon yana magana muryarsa na rawa. Na yafe, ban kai ƙara wurin 'yan sanda ba, ko da yake abokan aikina sun matsa. Kai da muke sallah sahu ɗaya, ko sannu ba ka aiko ba, sai tambayoyi.

Na ji an ce za a sake buga wasan bayan Sallah, kana neman lafari daga wani gari, biyu sun riga sun ƙi. Kada ka wahalar da kanka. Usur ɗin da katunan biyu suna wurin Dagaci, na aika masa jiya, igiyar ce dai ta tsinke. Ka karɓa ka busa da kanka, tunda kai ba ka sayuwa. Dubu ukuna na wasan zagayen farko kuma, da kwamitinka bai biya ni ba har yau, a ba yaron da ya ɗaga tuta.

Wassalam.
Malamin firamare, tsohon lafarin garinku