Matasa masu ƙera ƙananan jirage, ku duba fiffike kafin ku zargi inji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu ɗan fili mu yi magana da matasanmu na Jos masu ƙera ƙananan jiragen sama na rimot. Sau da yawa yaro zai ɓata makonni kan gangar jirgi da fenti, in an zo fiffike sai ya yanko shi da ido daga hoton jirgin yaƙi. Jirgi ya ƙi tashi, a ɗora wa inji laifi, alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Abin dubawa shi ne siffar da za ka gani in ka datse fiffiken ka kalle shi daga gefe. Wadda ta dace da mai koyo ita ce Clark Y, wadda Virginius Clark ya zana a Amurka a 1922. Cikinta shafaffe ne, bayanta da ɗan doro, kaurinta kashi 11.7 cikin 100 na faɗin fiffike. Shafaffen cikin nan ne ya sa ake iya haɗa ta a kan tebur ba ta karkace ba. Masu doro sama da ƙasa daidai wa daida, irin NACA 0012, na masu wasan juyi a sama ne, kuma sun fi son gudu. Mai koyo ya bar su tukuna.

A ɗauki fiffike mai tsawon santimita 120 da faɗin 20. Mafi kaurinsa zai zama santimita 2.3, a wajen santimita 6 daga bakin gaba, kuma nan ake binne tsinken gora don ya zama ƙashin baya. A yanko siffar guda biyu a siririn katako, a manna su a gefunan farin soson nan na kwalin firiji, a bi su da waya mai zafi a hankali. In an yi sauri wayar na lanƙwasa ta cinye tsakiya. Bakin gaba a goge shi da sanfefa ya yi kumburi, kada a fiƙe shi kamar wuƙa, domin mai kaifi da an ɗan ɗaga hancin jirgi iska ke rabuwa da bayansa, jirgin ya faɗo ba gargaɗi. A kuma gwada gam da fenti a guntu tukuna, don da yawansu narkar da soso suke.

Wanda ba shi da waya ya yi siffar da ake kira KFm2: falle biyu na soso, na saman ya rufe rabin gaba kawai. Ba kyan gani, tana kuma ɗan cin batir, amma tana tashi.

Yanzu ga abin da ya shafe mu a nan. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ta fi ta bakin teku rashin nauyi da kusan kashi 11 cikin 100. Ke nan jirgin da ya tashi lafiya a Legas sai ya ƙara gudu da kusan kashi 6 kafin ya ɗagu a nan, farfela kuma ba ta ja kamar can. Ƙara babban inji da babban batir ƙarin nauyi ne kawai. Fiffiken da muka ambata kada a ɗora masa fiye da giram 900, jirgi da batir gaba ɗaya. In ya wuce haka, a faɗaɗa fiffike.

Kowane ƙarshen fiffike a ɗaga shi santimita 4 sama da tsakiya don jirgin ya riƙa daidaita kansa. A can ƙarshen kuma a murɗa bakin baya sama da milimita 7, saboda kada ya kife gefe guda wajen sauka.

Kafin a kunna inji, a ɗora jirgin kan yatsu biyu, santimita 5 zuwa 6 daga bakin gaban fiffike. In wutsiya ta rinjaya, a matsar da batir gaba. Sannan a jefa shi da hannu a kan ciyawa yana fuskantar iska, da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, kuma nesa da filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang da wayoyin lantarki.

Wassalam.

Daga wasu masu ƙera ƙananan jirage, Jos.