Wasiƙa zuwa Jamus kan hitar motar kwana

Ƙofar Marusa,
Katsina.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Baba yana gaishe ka, kullum muka haɗu a masallaci sai ya tambaye ni labarinka.

Na ga hotunan motar nan mai ɗaki da ka saya, Allah ya sanya albarka, ya tsare hanya. Na kuma ga hitocin ɗumama ɗaki ukun da kake son in zaɓar maka ɗaya kafin ku tafi Faransa hutun ƙarshen shekara. Ban amsa ta saƙon murya ba saboda maganar wuta ce, kuma da yara za ku kwana a ciki, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake.

Kafin ka kalli hita, fara sanin wutar da za a ba ka. A sansanonin da masu irin motarka ke yada zango akwai ɗan turke mai shuɗin soket inda za ka jona, kuma kowane turke da iyakar wutar da zai iya bayarwa, wadda ake aunawa da amfiya: wani amfiya 6, wani 10, wani 16. Wutar can bolt 230 ce, daidai da tamu. To lissafin mai sauƙi ne, ka ninka amfiya da bolt. Amfiya 6 za ta ba ka wat 1,380, amfiya 10 wat 2,300, amfiya 16 kuma wat 3,680. A Faransa sau da yawa 6 ko 10 za ka tarar. Babbar hitar nan ta hoton farko, mai wat 2,000, ita kaɗai tana jan kusan amfiya 9. Ka jona ta a turke mai 6, ba da jimawa ba bireka za ta faɗi, tamkar an jona dutsen guga a ƙaramin janaretan masu cajin waya. Kuma ba ita kaɗai ke kan layin ba, ga firji, ga cajar batirin motar, ga butar lantarki da Hajiya za ta kunna da asuba don shayi, wadda ita ma takan kai wat 2,000. Ba na so ka fita cikin sanyin dare kana neman mai sansani ya zo ya tayar maka da wuta.

Saboda haka abin da nake so ka nema shi ne hita mai matakai, wadda za ka iya saukewa zuwa wat 500 ko 750, ka ɗaga zuwa 1,000 ko 1,500 in wurin ya ba da hali. Ɗakin mota ƙarami ne, ba ya bukatar abin da falon gida ke bukata. Kada mai shago ya ruɗe ka da cewa wata ta fi wata tsimin wuta. Duk hitar lantarki, wutar da ta ja ita take mayarwa zafi, wat 1,000 a wannan shi ne wat 1,000 a waccan. Bambancin yana wajen yadda take ba da zafin, da kuma ko tana da na'urar da ke kashe ta idan ɗaki ya ɗumama, ta sake kunnawa idan ya huce. Wannan na'urar ce ke rage maka kuɗi, domin a lokacin sanyi wasu sansanonin da mita suke sayar da wuta. Hita mai wat 1,000 in ta kwana awa 8 ba tsayawa, ta ci yunit 8 ke nan.

Cikin ukun, mai fanka tana ɗumama wuri cikin 'yan mintoci, ba ta da nauyi, kuma ko a ƙarƙashin kujera za ka ajiye ta in kun kama hanya. Aibinta ƙara, da kuma yadda zafin ke gushewa da zarar ta tsaya. Mai mai a ciki, wadda take da haƙarƙari, tana ɗaukar lokaci kafin ta yi zafi, amma shiru take aikinta, ba abin da ke yin jawur a fili, kuma tana riƙe ɗumi bayan ta kashe kanta. Ita ce ta kwana. Akwai ƙanana masu wat 500 zuwa 800, irinsu nake maka sha'awa, sai dai ka ɗaure ta da kyau lokacin tuƙi, don tana da nauyi, taka birki ɗaya zai iya wurgo ta. Ta ukun, mai sandunan nan da ke yin jawur, ka manta da ita. A wuri mai labule da bargo da katifa, ga autarka tana rarrafe, ba ta da gurbi.

Da ni ne, ƙaramar mai mai zan saya don dare. In kuɗi ya ragu, in ƙara da ƙaramar mai fanka don safiya, amma ba a kunna su tare. Duk wadda ka ɗauka, ka tabbata tana mutuwa da kanta in ta kife, tana kuma mutuwa in zafi ya yi mata yawa. A shagon ka kunna ta, ka karkata ta da hannunka ka gani.

Ka tambaye ni ko batirin motar zai iya riƙe ta idan kun tsaya inda babu turke. Ba zai iya ba. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, duk abin da ke cikinsa wat-awa 1,200 ne, kuma in na ruwa ne rabinsa kawai ya kamata a sha. Hita mai wat 1,000 ta hanyar inbata za ta ja sama da amfiya 80 daga jikinsa, kafin awa guda ya kwanta, ku rasa har fitila. Ƙananan nan da ake jonawa a soket ɗin gaban mota kuwa, wajen wat 150 suke, iyakarsu su share raɓar gilashi. A irin wannan wuri sai hitar da aka ƙera motar da ita, ta gas ko ta dizal, irin su Truma da Webasto, waɗanda hayaƙinsu waje yake fita. Ka duba taka tana aiki tun kafin tafiya. Ita ce ma a motoci da yawa ke kai ɗumi wajen bututun ruwa, domin sanyin can yana daskarar da ruwa ya fasa bututu, abin da sanyinmu na Katsina bai taɓa yi ba, kuma hitar hannu ba ta kaiwa can.

Sai maganar waya, wadda ita ce ta fi damuna saboda abin da nake gani a wajen aiki. Da hunturu ya kama, ana yawan kawo min filogi ya narke, ƙafafunsa sun yi baƙi, robar ta manne da soket, in ka tambaya sai ka ji hita aka jona a siririyar wayar ƙari tare da talabijin. Hita kai tsaye ake jona ta a soket ɗin jikin mota. Doguwar wayar da za ta taso daga turke ta zama mai lamba 2.5 mm², kuma ka warware ta gaba ɗaya ko da turken yana kusa, don waya a nannaɗe zafi take tarawa. Bayan rabin awa da kunnawa ka taɓa filogin. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in ya ƙona maka yatsa, kashe. Ka bar tazarar kamar mita guda tsakaninta da tufafi, kuma ka gaya wa yara ba a shanya safa ko tawul a kanta.

Abu guda nake roƙonka saboda Allah: duk tsananin sanyi, kada ku kunna murhun gas na girki don jin ɗumi a rufaffiyar mota. Ka san yadda mutanenmu ke shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga, da safe a tarar da su a sume, wasu ma an rasa su. Iskar gubar da irin wannan wuta ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da barci take fara sawa. Ka sayi ƙararrawar da ke gano ta, da ta hayaƙi, ba su da tsada. 'Yan ƙofofin iska da ke rufin motar da ƙasanta kuma kada ka toshe su, su ne ke fitar da tururin numfashinku, in ba haka ba ku wayi gari bango da barguna sun jiƙe.

Kafin ka biya, ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan hitar ka turo min, ka kuma tambayi sansanin da za ku sauka amfiya nawa suke bayarwa. Da waɗannan biyun zan gaya maka matakin da za ka bar ta a kai.

Ka gaishe min da Hajiya da yara. Maman yara ta ce in gaya maka yaji da kukar da Hajiya ta nema sun haɗu, tana jiran mai tafiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Naka har kullum,
Amininka.