A fara gina azuzuwa daga inda yara ke zaune cikin rumfar kara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda ake raba kuɗin haraji wajen gina azuzuwan makarantun gwamnati a jihar Damagaram. Ni tsohon malamin lakwal ne, na koyar a ƙauye kafin a maido ni cikin Zinder, saboda haka na zauna a ajin siminti mai rufin kwano, na kuma zauna a rumfar kara, kuma na san cewa yaran da ke cikin waɗannan azuzuwa biyu ba karatu ɗaya suke yi ba, ko da littafinsu ɗaya ne, jarrabawarsu ma ɗaya.

Wanda bai taɓa koyarwa a rumfar kara ba yakan ɗauka cewa matsalarta zafi ne da ƙura kawai, alhali babbar ɓarnarta cin lokaci ce. Ana komawa makaranta a watan Oktoba, amma ba a samun karan da za a yi rumfa sai an gama girbin hatsi, sannan a jira iyaye su huta daga aikin gona, su tara kara da itace da igiya, su kafa ta. Kafin nan makonni sun wuce, malami yana nan, yara suna nan, aji ne babu. Idan hunturu ya kama, iska tana ratsa zana ta ko'ina, yara suna zaune a ƙasa suna kakkaɓe rairayi daga littattafansu. Da bazara ta yi nisa kuwa, guguwar farko ko ruwan farko ya isa ya kwantar da rumfar, daga nan karatun wannan shekara ya ƙare ko da kalandar ma'aikatar ilimi ta ce da saura. Yaron da aka yanke wa shekara ta gaba da ta baya haka har sau shida, shi ne za a zaunar da shi ranar jarrabawa tare da wanda ya yi shekarunsa cur a ƙarƙashin kwano, sannan a dawo ana cewa ƴaƴan ƙauye ba su da ƙoƙari.

Batun gobara kuma ba sai na tsawaita ba, domin raunin bai warke ba. A watan Afrilu na 2021 wuta ta cinye azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka sake yin irinta a Maraɗi, inda yara fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su. A lokacin ne hukumomi da bakinsu suka ce akwai irin waɗannan azuzuwa kusan 36,000 a faɗin ƙasa.

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce, wane ne ke biyan harajin da ake gini da shi? Manomin Dungass ko na Kance yana biyan lanho ta hannun mai gari, yana yankar tikiti idan ya kai akuya kasuwa, kuma duk ranar da ya sayi atamfa ko katin waya ya biya harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, wato TVA, na kashi 19 cikin 100, daidai da abin da ma'aikaci mai albashi ke biya a kan kayan nan a Kasuwar Dole. Bayan haka sai kwamitin kula da makaranta ya zo masa da maganar kuɗin kara da tabarmi, ya sake sa hannu a aljihu, ko ya ɗauki dami a kansa ya kai. Ashe shi sau biyu yake biya, kuma abin da ya biya na biyun wuta ko ruwa ko awaki ne ke cinye shi kowace shekara.

A ganina tushen rashin adalcin yana cikin tsarin rabon kansa, ba sai an nemi wanda za a zarga da sata ba. Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin gina makarantun firamare da gyara su, wanda abu ne mai kyau a takarda, sai dai ƙananan hukumomin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wadda ke da babbar kasuwa da tasha da ƴan kasuwa masu biyan patanti, wato harajin sana'a, tana da abin da za ta sa bulo da shi, wadda kuwa ba ta da komai sai lanhon talakawa, wanda shi ma ba ya shigowa idan damina ta yi gardama, da ƙyar take biyan ma'aikatanta. Sau da yawa masu ba da tallafi ma sukan nemi ƙaramar hukuma ta fara ajiye nata kaso kafin su zuba nasu, ka ga ke nan ruwa ya sake gangarawa inda dama akwai tafki. An kafa ANFICT, hukumar ƙasa mai ba ƙananan hukumomi kuɗi, domin ta riƙa cike irin wannan giɓi tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi, to a nan ya kamata a ga aikinta ƙuru-ƙuru, musamman a jiharmu ta Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha a Nijar yawan jama'a.

Abin da nake ba da shawara ba ya bukatar sabon haraji. Kowane darakta yana aika wa sufeton makarantu rahoton farkon shekara, wanda ke ɗauke da yawan ɗalibai da yawan azuzuwa da irin gininsu, saboda haka alƙaluman suna nan a ofis. A ɗauko su a jera makarantun kowace gunduma bisa yawan yaran da ke zaune a rumfa, a fara gini daga saman jerin zuwa ƙasa, ba tare da duba garin wane ne ko kuma makarantar tana bakin kwalta inda manyan baƙi za su gan ta ba. Na san wani zai ce birni ma yana cikin matsi, kuma gaskiya ne, domin duk wanda ya leƙa makarantun unguwannin gefen gari irin su Kara-Kara da Garin Malam ya san cunkoson da ake ciki. Ai jerin da nake magana ba ya korar birni, idan lissafi ya kawo makarantar cikin gari gaba, a fara da ita.

Haka kuma a ware wani kaso na gyara a cikin kowane kasafi. Na taɓa koyarwa a makarantar da iska ta yaye rufin aji guda, aka bar shi damina bayan damina har bango ya tsage, aka koma kafa rumfa a jikinsa, alhali kwano kaɗan da ƙusa sun isa su cece shi a shekarar farko.

Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024 aka naɗa jami'an riƙo, babu kansilan da mutumin ƙauye zai tare ya tambaya, don haka nauyin bayani ya koma kan masu riƙon. Ina roƙonsu su liƙa jerin makarantun da kuɗin da aka ware wa kowacce a ƙofar ofishin magajin gari, a kuma karanta shi da Hausa da Kanuri da Fulatanci a gidajen rediyon karkara. Kai kuma Malam Edita, ina fatan za ka tura wakilinka Magarya da Mirya da Tanut a cikin watan Oktoba, ya ƙirga mana makarantun da suka fara karatu da waɗanda ke jiran kara.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Zinder.