Mai kai iyali Disney World da rani, ya bar su su yi ƙailula

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amsa wata tambaya da ba a taɓa yi min ba. Ni mutumin Katsina ne mazaunin Atlanta a jihar Jojiya ta Amurka. Da yake tsakaninmu da Orlando a jihar Florida tafiyar kamar awa 7 ce a mota, 'yan uwa sun naɗa ni malamin Disney World, katafaren wurin wasa da shaƙatawa da ke kusa da birnin, ba tare da na nemi sarautar ba. Da dogon hutun makaranta ya ƙarato sai waya ta fara ƙara. Wanda ya samu biza daga gida ya kira, na New York ya kira, kowa da tambayarsa: wane otal, tikitin kwana nawa, ina ake samun abincin halal. Har yau ba wanda ya ce min, "To me zan yi da yara tsakanin sha biyun rana da biyar na yamma?" Alhali a wannan tsakanin ne tafiyar take gyaruwa ko ta lalace.

Shawarata ita ce duk wanda ya je da rani, wato lokacin zafinsu na dogon hutun makaranta, kuma yana tare da ƙananan yara ko tsoho, ya kwashe iyalinsa idan rana ta take, su koma masauki su ci abinci su yi salla su kwanta, sai bayan la'asar su dawo. Ba a littafi na karanta wannan ba. Jiki magayi.

Zuwanmu na farko a watan Yuli ne. Mu shida ne: ni, da maman yara, da yara uku, babba mai shekara 9, ta tsakiya mai 6, auta mai 3, sai Hajiya mahaifiyata da ta zo mana ziyara daga gida. Muka kama hayar gida a Kissimmee, garin da ke maƙwabtaka da wurin, inda gidajen haya suke da yawa kuma da sauƙi. Tikitin shiga na mutum ɗaya a rana ɗaya ya haura dala 100, kuma yaron da bai kai shekara 3 ba ne kaɗai ake ɗauke wa, auta kuwa ya cika ukun da wata biyu. Na yi abin da kowane ɗan Najeriya yake yi, na mayar da kuɗin naira a zuciyata. Daga nan hankalina ya gushe. Na ɗauki biro na raba kuɗin da awannin da wurin yake buɗe, na fitar da kuɗin kowace awa, na kafa doka cewa daga buɗe ƙofa har wasan wuta na dare ba mai fita. Maman yara ta ce, "Baban yara, zafin fa?" Na ce mutumin da ya yi azumi a Katsina a watan Afrilu ba za a tsorata shi da zafin Turawa ba.

A nan na fara kuskure. Ma'aunin zafi a Orlando da rani yana tsayawa ne wajen 33, mu kuwa mun saba da 40 har da ɗoriya, shi ya sa na raina shi. Amma namu zafin busasshe ne, ka yi gumi ya bushe, ka samu gindin darbejiya ka ji dama. Florida tsiri ce tsakanin ruwa biyu, tekun Atlantika ta gabas da mashigin Meziko ta yamma, iskarta jiƙe take kamar an rufe ka da bargon da aka tsoma a ruwan zafi. Gumi ya fito ya zauna, ba inda za shi. Ga daɓen siminti yana mayar maka da zafin ta ƙasa, ga dubban mutane kowa na huci. Yaro da ke cikin keken turawa ya fi kowa kusa da wannan daɓen, kuma bai iya cewa ƙishirwa yake ji ba, sai dai ya yi kuka.

Da safe komai lafiya. Mun shiga Magic Kingdom, wanda shi ne mafi tsufa a cikin wuraren wasa huɗu da ke can, tun 1971 aka buɗe shi, kuma shi ne mai gidan sarautar nan da kowa ke ɗaukar hoto a gabansa. Kafin sha ɗaya mun hau abubuwa biyar, ina ta yi wa kaina kirari. Daga sha biyu layi ya fara tsawo, abin da muka jira minti goma da safe ya koma awa guda har da ƙari. Wajen ƙarfe biyu auta ya fara irin kukan da ba abinci yake nema ba, ba ruwa ba, ba ɗauka ba. Ta tsakiya ta zauna daɓas a tsakiyar layi ta ce ita ƙafarta ta mutu. Azahar a can a watan Yuli sai wajen ɗaya da rabi take shiga, muka yi ta a gurguje a wani lungu, ɗaya na salla ɗaya na riƙe da yara. Hajiya ba ta ce uffan ba, irin kawaicin iyayenmu, sai da maman yara ta lura ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya yi musu zane.

Sai kuma hadari. Wannan ma da na tambaya da an gaya min, don kusan kullum ne daga Yuni zuwa Satumba. Iskar teku ta gabas da ta yamma suna haɗuwa a tsakiyar jihar da rana, su tada hadari mai tsawa da walƙiya, yawanci bayan ƙarfe biyu. Da an hango walƙiya a kusa ake tsayar da duk abin hawan da ke fili, kuma daidai ne a yi hakan. Jama'ar da ke waɗancan layukan sai su kwararo cikin na ɗaki. Muka tsaya a ƙarƙashin wata rumfa mun yi sharkaf, ina duba agogo ina lissafin dalolin da ke zuba tare da ruwan.

Ƙarfe bakwai muka fita, ba mai yi wa wani magana. Wasan wutar da na tsare mutane awa goma domin shi, ba mu gani ba.

Da daddare Hajiya ta yi magana. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika fuskantata da zance ba, don haka surukarta ta kalla ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan, ubansa manomi ne, amma ban taɓa ganin rana ta take yana gona ba. Ko jakin da aka yi haya ana sauke masa kaya da azahar." Ina zaune a wurin, tazarar taku biyu.

Washegari ba mu je ko'ina ba. Rana ta uku muka sauya tsari. Bayan asuba ba a koma barci ba, muka isa ƙofa kafin a buɗe, muka yi awa uku da rabi muna hawan abin da muke so layi na tafiya. Sha biyu da rabi muka juya, muna fita jama'a na tururuwar shiga. A gida akwai miyar kuka da Hajiya ta kaɗa tun dare da kukar da ta taho da ita, maman yara ta tuƙa tuwon shinkafa. Wannan kaɗai ya raba mu da yawon neman abin da ya halatta a ci a cikin wurin, ya kuma rage kashe kuɗi ba kaɗan ba. Aka yi alwala a natse, aka yi salla a kan darduma, aka kwanta a sanyin na'ura. Hadarin ranar muna barci ya zo ya wuce. Muka yi la'asar da biyar muka koma, gari ya yi sanyi, masu jajayen fuska suna fitowa da yara a kafaɗa, kamar ina kallon kaina na shekaranjiya.

Kuskuren lissafina shi ne na ɗauka duk awannin kuɗinsu ɗaya. Awa ɗaya ta safe ta fi uku na tsakar rana amfani, haka ta dare bayan masu ƙananan yara sun watse. Awannin da nake ƙyashin bari su ne mafi ƙarancin albarka a duk yinin, kuma su ne suke cinye ƙarfin da za a mori na yamma da shi.

Amma kada in yi wa masu karatu rufa-rufa, komawa masauki ba kyauta ba ce. Disney World ba fili ɗaya ba ne, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 100, gari ne sukutum da tituna da tafkuna. Magic Kingdom kuma shi ya fi wuyar fita ga mai mota, domin ba a ajiye mota a bakin ƙofarsa. Sai ka hau jirgin ƙasan nan mai tafiya a kan doron siminti ɗaya, ko jirgin ruwa ya tsallaka da kai tafki, sannan ka hau motar da ke zagaya filin ajiye motoci, sannan ka nemo taka wadda ta koma tanda a rana. Daga ƙofa zuwa gidanmu na Kissimmee kusan awa guda muke ci, dawowa ma haka. Hutun awa biyar da rabi, uku da rabi kawai muke mora. Abin da ya sauƙaƙa shi ne tikitin yana ba ka damar fita ka dawo a wannan ranar, takardar ajiye mota ma ta yini ce, ba a sake biya.

Saboda haka tun ranar da mutum yake zaɓen masauki ya riga ya yanke ko iyalinsa za su huta ko ba za su huta ba, ko da bai sani ba. Gida mai araha da ke nesa, a kan babbar hanyar I-4 mai cunkoso, zai sa ka ji ƙyuyar komawa. Otal-otal na Disney suna da motocin safa da ke sauke mutum kusa da ƙofa, kuma ana barin baƙinsu su shiga rabin awa kafin kowa. Daga otal ɗin Contemporary ma da ƙafa ake zuwa Magic Kingdom, sai dai kuɗinsa ba na irinmu ba ne. Wasu masu ɗan sauƙi kamar Pop Century suna kan layin kekunan sama da aka buɗe a 2019, masu kai mutum EPCOT da Hollywood Studios, biyu daga cikin wuraren wasan huɗu, amma su ma walƙiya tana tsayar da su. Ni dai da aka sake zuwa, na rage kwana ɗaya a tikiti na ƙara kuɗin a masauki mafi kusa.

Ƙanina da ke Houston bai yarda da ni ba ko kaɗan. 'Ya'yansa sun tasa, ƙaramin shekararsa 13, ya ce fita da dawowa ɓata lokaci ne, su a ciki suke hutawa. Kuma akwai wuraren yin hakan. A Magic Kingdom akwai wasanni na zama a ɗaki mai sanyi, kamar Carousel of Progress da Hall of Presidents, kowanne minti ashirin da wani abu, layinsu ba tsawo, kujera mai laushi, duhu, rabin mutanen ciki gyangyaɗi suke. Kowane ɗaya daga wuraren huɗu yana da ɗakin kula da jarirai inda mai shayarwa za ta zauna a sirrance. Kantunan abinci na tsaye suna ba da ruwan ƙanƙara a kofi kyauta in ka roƙa, kuma an yarda mutum ya shigo da abincinsa. Ga mai manyan yara wannan ya isa, ban yi masa musu ba. Haka wanda kwana ɗaya tak gare shi, ko wanda ya je a Disamba ko Janairu lokacin da ba zafi ba hadari. Animal Kingdom ma, ɗaya daga wuraren huɗu, yakan rufe da wuri fiye da sauran, in ka fita da rana ba abin da za ka dawo ka tarar sosai, gara a sammaka masa a gama a tafi gaba ɗaya. Abin da na ce wa ƙanina shi ne minti ashirin a kujera ba ya sauke kumburin ƙafar tsohuwa, kuma yaro ɗan shekara 3 da ya saba barcin rana ba ya yafe bashinsa, zai karɓa ne da magariba a gaban jama'a.

Wani abu kuma da mu maza ba mu cika lura da shi ba: mai tsara tafiyar yawanci shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin wahala a cikinta. Ni ina gaba da waya a hannu ina duba inda layi ya ragu. Maman yara ce ke tura keke, ga jaka, ga hijabi a wannan zafin, ga kai wannan banɗaki a dawo a kai wancan. Da aka tambaye ta tun farko da ba a kai ga maganar jaki ba.

A darenmu na ƙarshe mun ga wasan wutar. Magariba a can da rani sai wajen takwas da rabi, muka yi ta a gefe muka nemi wuri. Hajiya tana kan keken da muka yi haya a bakin ƙofa, bayan ta yi kwana biyu tana cewa ita ba gurguwa ba ce. Auta a farke yake garau a wuyana. Aka yi ta harba wuta sama tana fashewa kala-kala a kan gidan sarautar, Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta juya wajen surukarta ta ce, "Wannan kullum ake yi?" Aka ce mata kullum. Ta ce, "Duk kuɗi ne ake ƙonawa haka?" Aka ce ƙwarai. Ta gyara mayafinta ta ce, "To ki gaya masa ya kwantar da hankalinsa, ashe ba nasa kaɗai ba ne."

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Atlanta, Amurka