Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Adamawa Kan Yandang Da Harsunan Danginsa

Mai Girma Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Koke na kawo maka a kan wasu harsuna na jiharka da ba kasafai ake jin sunansu a gidan gwamnati ba: Yandang da danginsa, irin su Bali da Kpasham a ƙaramar hukumar Demsa (Balin Demsa nake nufi, ba na Taraba ba), da Kugama, wanda masu shi ke kira Wam, da Kumba da Teme a yankin Mayo Belwa. Masana harshe sun haɗa su rukuni ɗaya, 'yan uwan Mumuye na kusa.

Bahaushe ne ni, kuma da Hausa na rubuto maka, don haka bari in faɗi abin da mu Hausawa ba ma son ji. A ƙauyukan nan ba Turanci ne ke cinye harsunan mutane ba. Hausa ce, sai Fulatanci a wasu wuraren. Ka zauna a tsakar gida da yamma ka saurara: kaka tana tsinke ganyen miya, ta aiki jikanta da Yandang, yaron ya gane sarai, ya je ya ɗauko abin, amma amsar da zai ba ta da Hausa ce. Shi yana ji, ba ya mayarwa. Ɗan da zai haifa ko jin ma ba zai yi ba. A kasuwa ciniki da Hausa, a coci waƙa da karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, a masallaci wa'azi da Hausa ko Fulatanci. Babu wanda ya sa musu doka, babu mugun nufi, shi ya sa abin ke tafiya shiru ba a lura.

Kuma mun ga ƙarshen irin wannan tafiya. Ajawa ta ƙasar Bauchi ta ɓace tun ƙarnin da ya wuce, mutanenta suka koma Hausa. Holma, a nan Adamawa, ta narke cikin Fulatanci.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyar da yaran firamare da harshen uwa ko harshen yankin da suke, a Nuwamban 2025 kuma ta soke tsarin. Gaskiya ko da ba a soke ba, ban ga yadda zai amfani ɗan Kpasham ba, tunda “harshen yanki” a wurinmu kusan kullum Hausa yake nufi, kuma malami ba ya koyar da abin da ba shi da littafi. Saboda haka ba zan roƙe ka ka yi jayayya da Abuja ba. Abin da nake nema yana cikin ikonka, kuɗinsa ma bai kai na kwalbati biyu ba.

Na farko gaggawa gare shi: a naɗi muryoyin tsofaffi. Su ne ke riƙe da waƙoƙin noma da na makoki, da tarihin zuriya, da sunayen itatuwa da saiwoyin magani. Kowace damina ana binne wasunsu. Muna da jami'ar jiha a Mubi, da Jami'ar Modibbo Adama a Yola, da kwalejin horon malamai a Hong. A ba 'ya'yan waɗannan al'ummu tallafi su koma gida da na'urar naɗar murya, su zauna da kakanninsu, a ajiye abin da aka naɗa a inda jama'a za su iya samu. Abin kunya ne a ce masu bincike na LLACAN, wata cibiyar nazarin harsunan Afirka, sun taso tun daga Faransa sun yi aiki a kan Wam, mu da muke maƙwabta muna kallo.

Daga nan sai a zauna da dattawa da malamai a daidaita ƙa'idar rubutu, domin harsuna ne masu karin sauti, wato hawa da saukar murya na canza ma'anar kalma, rubutun kara-zube ba zai karantu ba. Idan an samu wannan, ƙaramin littafin aji ɗaya ba wuya. Gidan rediyon jiha ma ya ba su ko minti 15 a mako. Sanarwar rigakafi ko ta rabon taki ta fi shiga kunnen tsohuwa da harshen da aka yi mata reno da shi.

Akwai kuma batun iyaka. Da aka raba tsohuwar Gongola a 1991, Yandang sun rabu biyu: wasu a Adamawa, wasu a Lau da Yorro da sauran sassan Taraba. In kowace jiha ta yi nata ita kaɗai, za a wayi gari harshe ɗaya da rubutu iri biyu. Ina roƙon ka tuntuɓi takwaranka na Taraba, Gwamna Agbu Kefas, a kafa kwamiti guda, a sa kwalejin horon malamai ta Zing a ciki, kuma a bar masu harshen su shugabance shi. A saka kuɗin a kasafin baɗi da sunansa ƙarara, yadda za mu iya bibiya.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani ɗan jiharka daga Mayo Belwa