A raba zauren sanarwa da na hira a WhatsApp

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu buɗe zaurukan WhatsApp na 'yan gari ɗaya, domin ina cikin masu kula da namu, wanda ya haɗa mazauna gida da waɗanda neman abinci ya kai Legas, Fatakwal, har Kumasi.

Amfaninsa ba ya ɓoyuwa. Da transfomar unguwarmu ta ƙone, a zauren aka yi karo-karo, ma'aji yana ɗora hoton rasitin duk wanda ya turo kuɗi, ba wanda ya ce an ci masa kwabo. Saƙon murya kuwa shi ya shigo mana da dattawa. Baffana bai yi boko ba, amma ya danna ya yi magana, a saurara.

Matsalar ita ce cinkoso. Tun 2022 zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. To, mutum ɗari ma kowa ya turo barka da Juma'a da hoton fure, wani ya kawo tallan atamfa, wasu biyu su kaure da musun siyasa har tsakar dare, sai sanarwar jana'iza ta nutse. Akwai wanda bai ji rasuwar maƙwabcinsa ba sai bayan sadakar uku, alhali an sanar. Ga cin data, da tsadarta a yanzu.

Sai kuma "an ce a tura wa kowa". Ba mu manta da 2014 ba, lokacin Ebola, da aka tashi mutane da asuba wai a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, har aka rasa rayuka. Kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a 2019, amma wa zai hana ɗan'uwanka ya kwafa ya liƙa?

Mu dai mun raba gida biyu. Zauren sanarwa, admin kaɗai ke rubutu: rasuwa, haihuwa, aikin gayya, lissafin kuɗi. Na hira kuwa, mai so ya shiga. Wanda ya kawo labari ba tushe, a goge, a bi shi ta gefe a gaya masa dalili, kada a kunyata shi gaban ƙannensa. Kuma a sa mata cikin masu kula, domin su ke fara jin labarin haihuwa da rashin lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Funtuwa, Jihar Katsina